Bokiti Ɗaya

A Aliero na sami kwangila,
Ɗakin albasa, ƙarfe zalla,
Ba bulo, ba laka, ba azara,
Iska ta shiga gabas ta fice yamma,
Kayan Alhaji Nomau su kai tsada ba asara.

Tirela ta sauke ginshiƙai ran Laraba,
Na tsaya a kansu kamar gadon uba.
Yara huɗu, injin yanka biyu,
Kowa da tef nasa, kowa da alli,
Labbo na awo daga baki, Hantsi daga tsakiya,
Ni kuwa ina inuwa ina waya,
Ina gaya wa duniya aiki ya fara.

Kafin Juma'a ta biyu ta zagayo,
Bayan rumfa tsibi ya taso:
Mai taki, mai kamu, mai kamu da rabi,
Da wani dogo da aka zarce wa inci uku.
Inci uku kacal!
Ya tashi daga ginshiƙi ya koma shara.
Mai sikeli ya koyi hanya,
Yana gaishe ni haƙora a waje.
Abin da na sayo da tsadar Ikko,
Ya auna shi a kuɗin gwangwani,
Ya loda, ya tura kura.

Sai Baba ya zo daga Jega ganin aiki.
Hayaƙi ya ci masa ido ɗaya,
Ɗayan ma ya kama hanya.
Bai ɗaga kai ya dubi sama ba,
Tsibin ya nufa, ya tsuguna yana lalube:
"Wanga lauje biyu na. Wanga kalme na.
Wanga gatari, har da basilla ga saura."
Ya yi ta ƙirga har la'asar ta yi sanyi.
"Arzika, da irin wanga nic cishe ku.
An ce maka da zahi aka bugun ƙarhe,
Ba a ce maka da sanyi aka awonai ba?"
Ban tanka ba, na raka shi tasha,
Ya koma maƙera.

Ran Asabar na karɓe tef uku, na bar ɗaya.
Na sayi littafi mai bango ja,
Kowane tsayi ya shiga takarda
Kafin faifan yanka ya ji ƙamshinsa.
Dogo a fara cirewa,
Gajere ya fito daga ragowa,
Guntu ya sha lamba a goshi, ya hau layi,
Gobe kusurwa za ta neme shi, ya jira.

Huda a ƙasa ake yin ta,
Ba a sama ana lilo da tsoro ba.
Sandar walda ta kwana a akwati, nesa da raɓa,
A ƙone ta sai ta dawo tsinken ashana.
Janareto ba rediyo ba ne,
In hannu ya tsaya, shi ma ya daina ƙara.
Ginshiƙai suka hau katako,
Tsatsa ta zo kwana ta rasa tabarma.

Labbo ya kumbura kwana biyu,
Wai na mai da shi ɗan firamare.
Rana ta uku ya miƙo mini littafin,
Yatsansa baƙi a kan layi na sha ɗaya:
Bakwai na rubuta a gurbin tara.

Mun ɗaure kwanon ƙarshe
Ana saura mako a fara cirar albasa.
Mai sikeli ya leƙo, bai ko yi sallama ba.
Abin da ya rage tun daga Asabar ɗin nan
Bokiti ɗaya ne, bai ma cika ba.
Na ɗaure shi a bayan babur, sai Jega.
Na zaci yabo zan sha.
Baba ya zura hannu ya juya, ya juya,
Ya zaro wani ɗan sili ya ɗora a harshen wuta:
"Akwai wuƙa ciki nan.
Zamna. Kama zugazugi, hura."